Keken da Ba Namu Ba a Zaurenmu

Gwaggo Zulai, ki taimake ni. Ku kuma iyaye masu karatu, kada ku bar ɗa ya shiga taro da abin hawa mai aibin da sauran jama'a ba su sani ba.

A watan jiya aka yi ranar hawan keke a Sakkwato. Ɗana Lirwanu, wanda ya gama sakandare bana, ya tafi daga Boɗinga da keken babansa. Keken ba shi da birki. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu robar birki ta gagara, da diddigen takalmi yake tsayar da shi. Na sha yi mai faɗa.

Da azahar mahaya suka jingine kekuna, duk baƙaƙe, iri ɗaya, suka yi salla. Aka sallame, kowa ya zari na kusa. Sai a gangaren gada Lirwanu ya matsa hannu, ya ji birki ya kama. Ashe keken ba namu ba ne. A gangaren nan ne, in ji mutane, wani magidanci daga wajen Kajiji ya kasa tsayawa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Ko ya rayu, ban sani ba.

Keken yana zaurenmu. An ɗaura ɗan matashin zama a bayansa, ɗinkin hannu, daidai zaman ƙaramin yaro. In na wuce sai in kau da kai. Lirwanu ya rame. In mun yi magana, ina tsoron a ce shi ya kashe mutum. Na dai kafa doka: ba mai taɓa keken nan, ba ɗan da zai ƙara hawan keke a gidana.

Uwar Lirwanu, Boɗinga

Uwar Lirwanu, tsoronki na uwa ne, ban ga laifinsa ba. Amma musanya aka yi, ba sata ba, kuma ba ki da tabbacin kekenku mutumin ya hau. Rashin sanin nan ne ke cin ɗanki.

Taron bai yi laifi ba, shiga shi babu birki ne ganganci, kuma Lirwanu ya sani. Dokarki ba za ta mayar da matashin zaman nan gidansu ba, ga shi akwai yaron da ke jiransa. Baban Lirwanu ya sami limaminku, su tura keken zuwa Kajiji ranar kasuwa, Lirwanu na biye, su yi cigiya. In mutumin na raye, ku duba shi. In ya rasu, ku yi ta'aziyya, ku faɗi gaskiya.

Sannan ki gyara dokar: keken da ba birki ba ya fita zaure. Allah ya sa ku iske mutumin da rai.

Gwaggo Zulai