Wata Bakwai a Bencin Baya

Zuwa ga Rabaran, Shugaban Majalisar Dattawan Ikilisiyarmu ta Katsina, da dattawa baki ɗaya.

Gaisuwa mai yawa da ban girma a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Ina yi muku sannu da hidima, sannu da ɗawainiyar jama'a.

Ni ne Malam Dauda Ayuba, malamin tarihi a makarantar sakandare, mazaunin Kambarawa, wanda kuka sa a ƙarƙashin horo wata bakwai da suka wuce. Tun daga ranar nake zaune a bencin baya, ba na cin jibin Ubangiji, ba na koyarwa. Sau uku na rubuto muku a rufe, ko tari ba ku yi ba. Shi ya sa na buɗe wannan, don tura ta kai bango.

Na ɗaya, yadda abin ya faru. Tun da arzikin man fetur ya buɗe makarantu, yaranmu ke tafiya jami'a da kwalejoji, suna dawowa hutu da tambayoyin da iyayensu ba su taɓa ji ba. Ku da kanku kuka ba ni ajin matasa na ranar Asabar, kuka ce tun da tarihi ne sana'ata, in nuna musu shaidar mutuwar Almasihu da tashinsa. 'Yata Rifkatu, ɗalibar kwalejin horon malamai, tana cikin ajin, sunanta kuma yana cikin masu jiran baftisma. Na yi abin da nake yi a kowane aji: makon farko a kawo ƙarar, mako na biyu a kawo amsa. Na rubuta a allo abin da masu shakka ke faɗi. Wai manzanni ne suka sace gawar. Wai an rubuta bisharun, littattafan tarihin Almasihu, shekaru da yawa bayan abin ya wuce. Wai marubutan sun saɓa wa juna a kan mata nawa suka je kabarin. Da lokaci ya ƙare, sai na rubuta a ƙasa kada a goge, kamar yadda malamai ke yi. Wannan kuskurena ne, na kuma yarda da shi: na manta allon majami'a ba na makaranta ba ne. Da safiyar Lahadi Dattijo Iliya ya zo buɗe ƙofa, ya tarar da rubutun hannuna yana cewa an sace gawar, kuma kada a goge.

Na biyu, ban ga laifin Baba Iliya da ya firgita ba. Ni ma da na shigo na ga haka, da gabana ya faɗi. Laifin da na gani shi ne majalisa ta zauna a ranar, ta yanke hukunci, aka sanar a gaban jama'a, ba a kira ni ba, ba a tambayi ko ɗaya daga cikin matasan ba. Ko alƙalin ƙauye yakan ji ta bakin wanda ake ƙara.

Na uku, ga abin da na shirya wa mako na biyu, wanda har yau bai zo ba. Kisan Almasihu a hannun gwamnan Romawa ba mu kaɗai muka faɗa ba. Akwai marubucin tarihi Barume da ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, shi ma ya ambata. Batun tazarar shekaru kuwa, a nan Katsina akwai tsofaffin da za su ba ka labarin yunwar da aka yi suna yara, in ɗayansu ya ƙara gishiri kuma sa'o'insa su ƙaryata shi nan take; an rubuta bisharun ne da sauran masu gani da ido a raye. Saɓanin yawan matan ma ba ya tsorata ni, domin in shaidu huɗu suka zo da magana ɗaya kalma da kalma, alƙali ya san an haɗa baki. Sannan wanda zai ƙirƙiro labari a wancan zamani ba zai sa mata su zama shaidun farko ba, tun da ba a ɗaukar shaidarsu da nauyi. Manzannin da suka gudu ranar da aka kama shi kuma, su ne daga baya suka sha duka da ɗauri a kan cewa sun gan shi. Ɓarawon gawa ba ya shan wannan wuya a kan abin da ya san ƙarya ne.

Na kuma yi niyyar gaya musu inda tarihi ya tsaya. Mai shakka zai ce mutum na iya shan wuya a kan abin da ya gaskata, alhali ya yi kuskure, kuma maganarsa ba wauta ba ce. Tarihi yana nuna an kashe shi, yana nuna mutanensa sun tabbata sun gan shi da rai. Daga nan sai bangaskiya, ni kuwa ina da ita. Ban ga abin kunya a faɗin haka ba.

Na huɗu, halin da kuka sa ni. Kun aiko mini da takarda, kun ce ba za a ɗage horon ba sai na karanta ta a gaban jama'a, in ce na yi shakkar tashin Ubangiji, tambayoyin kuma daga Shaiɗan suke. Ban yi shakka ba. In na karanta, na yi ƙarya a gaban bagadi don in ci jibi. In na ƙi, ina nan a baya. Na nemi takardar shaida in koma wata majami'a, kuka ce ba a ba wanda ke ƙarƙashin horo. Na nemi canjin wurin aiki zuwa gida kudancin Zariya, ma'aikatar ilimi ta ce malaman tarihi sun yi ƙaranci, babu inda za ni. Abokan aikina Musulmi, mutanen kirki, sun ji labari suna yi mini sannu da tausayi, wani maƙwabcinmu har ya ɗauka ina shirin barin addinina ne. A majami'a kuwa, mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo tare sukan gaishe ni daga nesa kamar mai ƙyanda. Gaba kura, baya sayaki. Na gaji, raina kuma ya ɓaci.

Na biyar, wanda ya fi ci mini rai. Matasan nan sun ji ƙarar, ba su ji amsar ba. Na gwada ba Rifkatu amsoshin a gida, ta saurara da ladabi, sannan ta nuna mini cewa da amsoshin na da ƙarfi, da dattawa ba su ji tsoron a faɗe su a fili ba. Makon jiya ta je wurin magatakardan ikilisiya ta cire sunanta daga masu baftismar bikin Ista. Ba littafin wani mai shakka ya kai ta nan ba, Rabaran. Shirunku ne.

Saboda haka ina roƙonku, ku kira ni in yi bayani a gaban majalisa. Ku janye takardar nan, don ba zan karanta ta ba. Ku ba ni Asabar ɗaya kafin Ista in ƙarasa darasin, dattawa na zaune suna ji. In kun sami ɓata a ciki, ku ƙara mini horo, ba zan yi musu ba. In kuwa ba ku yarda da ni ba, ku sa wani ya tsaya ya amsa wa yaran nan. Ni zan iya jure bencin baya har tsufana, amma 'yata ba ta da wata bakwai na gaba da za ta jira.

Allah ya ba ku hikima da tsawon rai, ya riƙe ikilisiyarsa, ya sa ku ji kukan uba.

Wassalam.

Naku cikin biyayya,
Malam Dauda Ayuba,
Kambarawa, Katsina.