Gidana a Akwatin Rawaya

Yaya,

So nake ka faɗa min, in tashi ko in zauna. Gaisuwa ma na manta, yi haƙuri. Ina wuni, ya aiki? Nas ɗin asibitinmu ce ke rubutawa ina faɗa, za ta tura maka a waya.

An liƙa taswirar ofishinku a bangon asibiti, wai na'urarku ta lissafa inda ruwan makon nan zai ci. An yanka unguwa akwati-akwati. Tsallaken titi ja ne, jiya mota ta kwashe su. Ɓangarenmu rawaya, aka ce mu zauna. Yanzu in na leƙa, sai ƙofofi da kwaɗo, ko kukan yaro babu sai na 'yata. Babanta yana hanya da tirela. Na tambayi mai rajistar waɗanda ake kwashewa ko ruwan ya san inda layinku ya tsaya, ya yi dariya ya ce in tambayi masu ilimi. To kai ne mai ilimin gidanmu.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, au, ƙanwarka. Kaina ba ya tare da ni.

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban san har yanzu kina gidan nan ba. Laifina ne, shekara biyu ban tako ba.

Kowane akwati kilomita ɗaya ne, kuma tsayi ɗaya na'urar ke ba ƙasarsa duka. Naku ya haɗa da tudun makaranta, shi ya sa ya fito rawaya. Ba ta san ɗakinki ba. Ki ƙirga matakala nawa kike sauka daga titi zuwa ƙofarki. In sun wuce ɗaya, kada ki jira motarsu.

Na kai maganar gaba, an ce sai kwamiti ya zauna. Ba ni da ikon canja launi. Ɗakina ɗaya ne, kujera ɗaya, amma ku zo.

Na gaishe ki da 'yar tamu.
Yayanki.

*

Yaya, ina kwana.

Huɗu ne. Sau biyu na ƙirga, da yarinya a bayana. Na ɗaure kaya tun safe. Sai dai tsohuwar da ke bayan gidanmu nata shida ne, ga ƙafa ba ta takuwa. Ta ce ita takardar bango ta ce a zauna, ba inda za ta. Ni kuma bayana ɗaya ne. Hadari ya haɗo, ban iya wuce ƙofarta ba.

Na gaya wa mai rajista, ya ce shi launi yake bi. Na gaya wa baban yarinya, wayarsa a kashe, na bar saƙo. Yanzu kai ma na gaya maka.

Ƙanwarka.