Allurar Kwana Huɗu da Ta Rage

Gaya, daren Laraba, cikin watan Rajab

Zazzaɓi ya dawo wa ɗana Sani. Tun la'asar ya ƙi kama nono, maɗigarsa ta kumbura, ga kukan nan mai tsini irin na wancan karon. Jariri bai cika wata guda ba, sanƙarau har sau biyu.

Na san inda muka ɓata. A asibiti a Kano likita ya ce sai an ƙare allurai za a sallame mu. Da jikin ya yi sauƙi, Inna ta tsaya a kaina: "Malam, maijego kwana shida ba wankan ruwan zafi? Sanyi zai shige ta, ka rasa uwa garin neman ɗa." Ni mai akwati cike da littattafai, mai koya wa 'yan aji bakwai yadda ƙwayar cuta take, na kwaso matata Hadiza da jaririn muka dawo gida, saura allurar kwana huɗu. Hadiza ta sha wankanta da kunun kanwa, kowa ya yaba da hankalina.

Ɗazu malamin asibitinmu ya duba shi, ya ce, "Hedimasta, wannan ya fi ƙarfin abin da ke kabad ɗina. Ku bi motar farko ku koma Kano." Motar farko kuwa sai bayan asuba.

Inna tana bakin ƙofa da carbi.

Yanzu Hadiza ta ce, "Malam, ya yi shiru. Barci ne?" Na ce barci ne. Ban sani ba. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan yana kan ƙirjinsa. Ya Allah, ka kai mu asuba tare da shi.