Injin da Ya Daina Gurnani

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hauwa da yara. Ya ƙafar Inna? Ya aiki a Panteka?

Tsohon injin CNC na wurin aikinmu, mai yanka ƙarfe, maigida ya so sayar wa 'yan gwangwan. Na ce gangar jikinsa garau take, ya bari in canza masa kwamfuta da moto da akwatunan da ke ba moton wuta. Ya ce in bai tashi ba, ni da injin tare za mu fita.

Sati uku ina fama da wayoyi. Ranar Talata ya yanka ƙarfen farko daidai. Na juya in ce "Yaya, duba," sai na tarar kowa ya tafi cin abinci.

Sai dai yanzu shiru yake aiki. A da gurnaninsa irin na injin shagonka ne sak, shi ke ɗebe mini kewa, kuma ni na raba shi da muryar.

A gaida kowa, Inna ta sa ni a addu'a. Don Allah ka ɗauko mini ƙarar injinka a waya, in riƙa saurare a bas ɗin Glenwood.

Ƙaninka,
Bashir