Yatsan Ƙafar Jikarmu

Ta motsa yatsan ƙafarta!

Yi haƙuri, Tsohuwa, na kira ki daga asibiti ko sallama ban yi ba. Ya gida, ya yara?

Likita ya nuna mini hoton ƙoƙon kan jikarmu, tsagewar tana haɗewa. Ya ce jijiyoyi ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, kamar wayar lantarki. Yau saƙon ya isa.

Ni lafiya lau nake, barci ne dai ya ƙi. Na ce miki santsi ne ya kwashe ta. Ƙarya na yi. A wuyana na ɗora ta muna sauka daga matakala, na yi tuntuɓe. Ɗazu na faɗa wa uwarta gaskiya. Sai ta matso mini da kujera kusa da gadon yarinyar.

Ku zo dukanku ku ga yatsan nan!