Gorunan Inna

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

Zafi kamar a kwanta a mutu. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, ƙanƙarar da na sa a firigo ta koma ruwa, bisap, zoɓon da nake sayarwa, ya yi ɗumi, wa zai saya? Ina cikin wannan haushi ɗiyata Kyauta ta shigo da kitso a jiƙe. Na ce daga ina, ta ce famfo. Famfon uban wa ke zuba wa mutum yashi a kunne? Ban dake ta ba, na dai riƙe kunnen har gaskiya ta fito. Tafki. Wai Inna kakarta ce ta kai ta, kuma ba yau farau ba.

Na zauna kan turmi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ni 'yar Dakoro ce. Mu ruwanmu yana can ƙasan rijiya, sai an sha wuyar ja kafin a gan shi. Tun da aure ya kawo ni Madarounfa ban taɓa sa ƙafa a tafkin nan ba, ko hanya ta bi ta gefensa kau da kai nake. Biyu na binne kafin Kyauta, ba wanda ya kai yaye. Ita kaɗai Allah Ya bar mini, shekararta tara, sai a ɗauke ta a kai wa ruwa?

Na samu Inna a zaure tana ɓarar gujiya. Uwar miji ce, dole na durƙusa na sassauta murya. Na ce Inna, don girman Allah a bar yarinyar nan a tudu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ubanta da hannuna wanga na koya mishi. Ya mutu?"

Tun da ɗanta ya tafi cin rani Legas ta baro ƙauyensu na wajen Gabi ta zo taya ni zama, ba ta taɓa ɓata mini ba sai a wannan.

Laraba, 16 ga Afrilu

Babu lakwal da yamma, 'yan makaranta na gida. Na ga Inna da Kyauta sun fita, na yafa mayafi na bi su daga nesa, na laɓe bayan wata kuka kamar ɓarauniya.

Da farko Inna ta gutsuri gumba ta jefa a ruwa tana ƙus-ƙus. Gaisuwar masu ruwa, in ji su. A'uzubillahi. Ita har yau tana kan addinin iyayenta, ɗanta ne ya musulunta, ni dai ba ruwana. Sai ta fiddo goruna biyu da aka toshe bakinsu da totuwa, ta haɗa su da igiyar kaba, ta ɗaura wa Kyauta a ƙarƙashin hamata. Yarinya ta faɗa ruwa tana lilo kamar agwagwa.

Yara sun kai goma, duk Inna ce shugabarsu. Akwai wasan kada, mutum ɗaya ya nutse ya kamo ƙafar wani, wanda aka kama shi ne sabon kada. Akwai na farin dutse, a jefa shi a yi rige-rigen lalubowa. Akwai tseren gora. Tsohuwa da ba ta da haƙori ko na rantsuwa, ta ɗaure zane a ƙirji, wai ita ce kada, yara na ihu suna watsewa. Abin dariya ne, na sani. Ni ban yi ba. Ƙirga kawuna nake, in na ga ɗaya ya ɓace sai numfashina ya tsaya har ya ɓullo.

Ban taɓa jin Kyauta ta yi irin wannan dariya a gida ba. Wannan ma ya ba ni haushi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na faɗa wa maƙwabciyata Hauwa ta kan katanga. Ita ce ke fahimta ta. Ta ce Abdoul Aziz ɗinta, da suke aji ɗaya da Kyauta, ranar da ta gan shi a bakin tafki sai ta karya masa ƙafa ta yi jinya. Na ji sanyi a raina, ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciya ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kira baban Kyauta na kai ƙara. Dariya ya yi! Har da turo bidiyon pisin, wurin ninƙaya na otal ɗin da yake gadi, 'ya'yan masu kuɗi da balan-balan a damtse suna jifan juna da ƙwallo, iyaye na ciki tare da su. Wai in ga yadda duniya ke yi. Na ce wancan ruwa ana hango ƙasansa, ga mai tsaro zaune a kujera. Ya ce Inna ta fi mai tsaro goma.

Maza ke nan. Yana can, ni ce nan da faɗuwar gaba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na ƙona miya ina tunani. An cire wa Kyauta gora ɗaya, wai ta ƙware.

Lahadi, 4 ga Mayu



Na je kai wa wata mata ƙanƙara, na ce bari in leƙa su. Ina isa bayan kukar sai na hango Kyauta. Kwance a kan ruwa rigingine, hannuwa a buɗe, ido a rufe, ba gora, ba motsi. Kitson da na yi mata jiya yana yawo a gefen kanta. Inna na tsaye nesa da ita ta harɗe hannu.

Ban san lokacin da na yar da kular ƙanƙarar ba. Na kwarma ihu, na ce ta mutu, kun kashe mini ita! Masunta suka sheƙo, mata masu wanki suka yo kaina. Sai ga gawa ta ɗago kai tana cewa, "Mama, wasa ne! Ni na ci!"

Wasa. Sunansa ma wasan gawa. Wanda ya fi daɗewa kwance bai motsa ba shi ya ci. Inna ta fito tana matse zane, ta ce duk sauran wasannin zaƙi ne kawai, wannan shi ne abincin. "In ka gaji, in ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ka daina faɗa da ruwa, ka kwanta mishi. Shi zai ɗauke ka." Mutane suna ta dariya, wata har da cewa baƙuwar arewa ce, a yi mata uzuri.

Na ja yarinyata har gida. Na ɗauko gorunan nan biyu daga kwandon Inna, na sa su a turmi, na bi su da taɓarya. A gabanta. Na ce wallahi muddin ina numfashi an gama, ba na son a sake kira wa ɗiyata gawa ko da wasa. Na ga gawar yaro sau biyu, na san yadda take.

Litinin, 5 ga Mayu

Inna ta tsince sakainar goran, ta zaɓi mai faɗi ta zuba wa kaji ruwa a ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kyauta ta ƙi cin tuwo.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwana nawa ke nan ina barci kamar mutum. Kai, lafiyar rai ta fi komai.

Ɗazu dai na leƙa waje na ga Kyauta da Abdoul Aziz kwance a yashi, hannuwa a buɗe, tana ce masa ya ɗaga haɓa, ya cika ciki da iska. Hauwa ta fito da muciya ta kore su, ta ce kada a koya wa ɗanta shashanci. Na taya ta faɗa.

Laraba, 11 ga Yuni

An yi Layya lafiya. Baban Kyauta ya zo, yau sun wuce ƙauye shi da Inna don shuka. Na yi mata rakiya har bakin titi, na roƙi gafara kamar yadda ake yi. Ta ce ba komai. Da za ta hau amalanke ta juyo ta ce, "Ki sa ido, ɗiyata. Damina ba ta tambayar wa ya iya."

Tsohuwar nan sai ta bar wa mutum abin da zai hana shi sakewa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Ramin da aka yi ta haƙar ƙasar tubali a bayan gidajenmu ya cika taf, kwaɗi sun samu gari. Na ja wa Kyauta kunne kan tafki, yanzu da zai fara cika.

Talata, 24 ga Yuni

Sai yau na iya riƙe biro.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abdoul Aziz ya rasu ranar Lahadi da la'asar. A ramin tubali. Ramin da nake zubar da shara a gefensa kullum, wanda ban taɓa lissafa shi cikin ruwa ba. Ni tafki nake tsaro.

Ƙwallonsu ce ta gangara bakin ramin. Suka je ɗaukowa su biyu, laka ta zabtare da su. Ramin ya fi tsayin namiji. Ina cikin gida ina ƙulla bisap, ban ji komai ba, Allah Shi ne shaidata ban ji komai ba. Garba mai amalanke ne ya ji murya. Ya ce ya tarar da yarinya kwance rigingine a tsakiyar ruwa, fuska na kallon sama, tana kira da iya ƙarfinta, ba ta motsa ko yatsa ba. Ya jefa mata igiyar jakinsa. Tana fitowa ta ce akwai wani a ciki. Kafin a samo shi rai ya yi halinsa.

Da aka kawo mini ita duk laka, na rungume ta ina lalube jikinta kamar makauniya. Abin da take ta faɗi ɗaya ne: "Na ce mishi ya yi gawa, Mama. Na ce mishi ya yi gawa, bai ji ba."

Wanda ya koya a yashi.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ina zaune wajen Hauwa tun safe, ana ta shigowa gaisuwa. Ba ta kuka, shi ne abin tsoron. Da mutane suka ragu ta dube ni ta ce, "Ashe ke kin bari ta koya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. In ce mata me? In ce taɓarya na sa?

Lahadi, 29 ga Yuni

Kyauta ba ta yarda a yi mata wanka. Ta ga bokiti sai ta ƙanƙame ƙofa tana kyarma. Da tsumma nake goge ta kamar jinjira. In hadari ya taso sai ta shige bayana. Kofin ruwa ma sai ta rufe ido take sha.

Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Ta ji tsoron ruwa. To ga shi na samu, kuma kallonta nake ina jin kamar in yi ihu.

Laraba, 2 ga Yuli

Inna ta zo, ta bar noma. Ta fara shiga wajen Hauwa, sannan ta shigo ta zaunar da Kyauta a cinya ta daɗe tana shafa bayanta. Na jira ta ce ai na faɗa miki. Ba ta ce ba.

Da yarinyar ta fita sai ta ce dole a mai da ita ruwa kafin tsoron ya yi saiwa. In ya yi, ran da ta sake faɗawa ba za ta kwanta ba, kokawa za ta yi kamar kowa. Na ce Inna ki ji tausayina. Ta ce, "Ramukan garin ga nawa za ki cike?"

Asabar, 5 ga Yuli

Kyauta ta ce ba za ta je ba. Inna ta lallashe ta har da alkawarin ita ce kada. Daga ƙarshe ta ce za ta shiga in Mama ta shiga.

Ni! La'ilaha illallahu.

Lahadi, 6 ga Yuli

Mun je. Ba wani abin rubutawa ba ne.

Inna ta jefa gumbarta, ni na karanta Ayatul Kursiyyu, ba wadda ta kalli wata. Na ce iyakata idon sawu. Laka ta shiga tsakanin yatsuna, sanyi ya hau mini har ƙeya, na ji kamar ƙasa na janye ni. Kyauta ta riƙe zanena ta ƙi gaba sai na yi gaba. Gwiwa. Wai a ƙara kaɗan. Ban san yadda aka yi ya kai mini ƙugu ba, ina ta salati a bayyane, wasu 'yan banzan yara na dariya.

Inna ta ce in sa tafin hannu a bayan Kyauta. Ta kwanta a kai, jikinta tauri kamar itace, ina jin bugun zuciyarta a hannuna, ko nawa ne ma oho. Can sai ta saki jiki. Ta buɗe hannuwa. Inna ta ce a hankali, "Cire."

Na ce a'a. Ta ce, "Sa'adatu, ba ke ke riƙe da ita ba tun ɗazu."

Na cire. Ba ta nutse ba. Ta buɗe ido ɗaya ta ce in ƙirga mata. Na ƙirga da murya kamar ta akuya, hawaye na zuba, na ce ruwa ne ya fantsar mini.

Ban ce na yarda ba. Tafkin nan har gobe ba na ƙaunarsa, kuma ba a zuwa sai da ni.

A hanyar dawowa na tsaya wajen mai ƙwarya na sayi goruna biyu, tunda ni na fasa na mutane. Ya ce waɗannan ai sun yi wa yarinya girma, sai dai babban mutum. Na ce ya kula da cinikinsa.

Suna nan rataye bayan ƙofar ɗakina. Laraba in Allah Ya kai mu.