Sunan da Kaka Dangana Ta Raɗa Mini

Zuwa ga ɗana Sanusi, ɗan ƙanena marigayi, a can ƙasar Turawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ni ne Baffanka Ilu na Sandamu. Ka san ban yi boko ba. Tela na bakin kasuwa na sa ya rubuta, ya liƙa inda masu bin ka ke karantawa, tunda wayarka ta daina shiga in ni ne mai kira.

Na ji ka a rediyo kana magana kan yadda ake raina baƙar fata a can. Ka yi kyau, har na ce yaron nan ya gaji bakin ubansa. Sai a ƙarshe ka ce ko a gidanku akwai labarin bauta, yana cikin littafin da ke tafe. Nan na kashe rediyon.

Daminar bara da ka zo, mun zauna gindin dalbejiya, ka kife wayarka bisa tabarma. Na ɗauka ladabi ne. Ashe kunne ka ajiye mini?

Kowane suna aka yi a dangi ni ke jero asali, kuma ka san in na zo kan kakata Dangana sai in ce daga nesa ta zo, in wuce. Haka na tarar ana yi. Ranar da muka zauna ɗin nan ce kaɗai na buɗe sauran: da igiya a wuya aka kawo ta daga kudu, tsagar fuskarta ba ta Daurawa ba ce, Dangana kuma sunan da masu ita suka liƙa mata ne. Sunanta na gaske ta raɗa mini tana niƙa, ta ce riƙe mini wannan, shi kaɗai na fito da shi daga gida. Ni kuma na raɗa maka, don na ga tsufa ya zo.

Bayan Sallah wata mata ta zo da abin ɗaukar hoto tana tambayar dutsen niƙan tsohuwa. Wa ya gaya mata akwai dutse? Na ce ya fashe. Bai fashe ba, yana ƙarƙashin gadona.

Ka manta da jikata Hauwa? Mutanen Baure sun kawo gaisuwar neman aurenta, suna cikin binciken asali. Kai can in ka ce jinin baiwa ne kai, tafi za a yi maka. Ita nan fa?

To na riga ka. Shekaranjiya na hau babur har Baure, na faɗa wa uban yaron da bakina, don kada ya tsinta a bakin rediyo. Ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Har yanzu ba aike. Hauwa kuwa ta daina waƙa in tana shara.

Sanusi, a kafaɗata ka fara ganin kasuwar Daura, kana riƙe da kunnuwana. Ba na so in zarge ka. Igiyar ka rubuta, tsagar ka rubuta, tunda sun riga sun fita. Amma sunan nan ko a Baure ban faɗa ba. Ka cire shi. An sayar da ita sau ɗaya, ya isa.

Allah ya jiƙan ta, ya ba Hauwa mafi alheri, ya dawo mana da kai da kunyarka.

Baffanka,
Ilu